Koren Kaftani a Wasa na Bakwai

A Gwarzo mu tara ne muke kallon ƙwallon kwando, idan aka haɗa da mai gidan kallon, wanda shi ba don so yake kallo ba. Sauran jama'ar gari ƙwallon ƙafa suka sani. Mu kuwa ana bar mana rumfar ne bayan azahar, a ranakun da babu wasan Turai, lokacin da kwanon rufi ya ɗauki zafin da babu mai hankalin da zai zauna ƙarƙashinsa.

A Amurka ake buga wasannin, kuma sa'ad da ake bugawa mu muna barci. Mai gidan kallon ne yake naɗa ya ajiye mana. Saboda haka muka kafa doka guda: ranar wasa ba mai duba sakamako a waya. Wanda ya duba ya riƙe bakinsa. Wanda ya duba kuma ya faɗa, sati biyu ba zai shigo ba. Shi mai gidan kallon, da yake yakan ga ƙarshen wasan wajen naɗa, idan ya kunna mana sai ya juya kujerarsa ya fuskanci ƙofa, domin fuskarsa ba ta iya riƙe sirri.

Ni tela ne, shagona yana kan hanyar shiga kasuwa. A ƙarƙashin teburin kekena akwai kwali cike da littattafan soyayya, waɗanda nake saye tun ina makaranta, wasu bangonsu ya cire, wasu babu shafin ƙarshe. A cikinsu na koyi yawancin abin da na sani game da zuciya. Ko ƙungiyar da nake goyon baya, masu jar riga, ta wannan hanya na zaɓe ta. Ranar da na fara kallo an fitar da su daga gasa, sai aka nuno wani ɗan wasansu zaune a benci ya lulluɓe kansa da tawul, kafaɗunsa suna rawa. Na ce a raina mutumin da yake kuka haka ba zai ci amana ba. Tun daga ranar nake tare da su, kuma tun daga ranar suke ba ni dalilin tausaya musu duk shekara.

Ra'ayina, wanda har yau ban sauya ba, shi ne wasannin farkon kakar wasa duk gaisuwa ce. Ainihin magana tana farawa ne a wasannin fitar da gwani, inda ƙungiya biyu za su yi ta karawa har sai ɗaya ta ci huɗu cikin bakwai. 'Yan ƙwallon ƙafa suna ganin sun san adawa, amma mutumin da ka haɗu da shi sau ɗaya ka rabu da shi ba ka san shi ba. A wasa na uku kun gane dabarun juna. A na biyar yadda yake ɗaure takalminsa ma haushi yake ba ka. A na bakwai kuwa babu sauran ɓoye-ɓoye, kowa da halinsa zai fito.

Babban abokin adawata a rumfar nan wani dattijo ne da muke kira Malam, tsohon malamin wasanni na sakandare da ya yi ritaya. Dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, kuma ya buga ƙwallon kwando a zamanin da yake kwalejin horon malamai. Daga Kabo yake tahowa a kan wani tsohon babur, don a can babu mai nuna wasan. Shi masu koriyar riga yake so, kuma ya daɗe da su tun kafin a haife ni. Benci ɗaya muke zama, na gaba, shi a wannan baki ni a wancan.

"Tela, yau ma kun zo karɓar rabonku?" Haka yake buɗe gaisuwa.

"Malam, tsofaffin nan naka gwiwa ta ƙare. A kai su gida a dama musu kunu."

"Tsohon da ya san hanyar kwando ya fi yaron da ya san hanyar asibiti. Ina ɗan wasan naku mai ciwon ƙafa? Ko yau ma da kwat zai zauna?"

"Ku kuma da ba don alƙalin wasa ba, da ko zagayen farko ba ku gani ba."

Shekara huɗu muna haka. Abu ɗaya ne kawai ba mu taɓa yin gardama a kai ba, shi ne besbol, wanda mu muke kira ƙwallon kulki. Wata rana bayan an gama kakar kwando mai gidan kallon ya kunna mana shi don kada mu watse. Kafin rabin awa mutum shida sun tuna suna da aiki. Muka rage ni da Malam. Ni wasan ya burge ni, don ban ga abin da ya yi kama da zuwa zance kamarsa ba: a tsaya, a gyara hula, a kalli juna, a yi ta jira babu abin da ya faru, sai can kwatsam zuciya ta buga, kowa ya kwasa da gudu. Malam ya ce shi bai ga komai ba sai mutanen da suke jiran mota a tasha. Amma ya zauna har ƙarshe, awa uku. Muka tashi lafiya, saboda a cikinmu babu wanda ya gane ƙungiyar da ta ci.

Ita kuma wadda na nema da aure, na haɗu da ita ne ta hanyar ɗinki. An kawo mini ankon wani biki da za a yi a Kabo, na ɗinka, na kai da kaina. Washegarin biki ta zo shago da rigarta a leda, ta shimfiɗa a kan tebur, ta ce hannun dama ya fi na hagu tsawo. Na auna, gaskiyarta. A littattafai, a irin wannan wuri akan ce idanu sun haɗu duniya ta tsaya. Ni dai abin da na sani shi ne na warware hannun rigar na mayar, na sake warwarewa, don kada ta tafi da wuri. Malamar Islamiyya ce, ba ta da yawan magana, kuma idan na karanto mata baitin da na tsara sai ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Na yi wata shida ina zuwa Kabo duk Alhamis bayan la'asar. Wata rana ta ce mahaifinta ya san da maganata.

"Amma ka san shi ba zai sa baki ba," in ji ta. "'Yar fari ce ni. Ya miƙa komai ga ƙaninsa. Baffa ne zai duba halinka, shi ne kuma zai ba da ni. Abin da ya ce shi ke nan."

"Allah ya sa in dace da shi."

"Ai ka ma san shi. Dogon nan mai babur, da yake zuwa Gwarzo kallon masu jefa ƙwallo a raga."

Daga Kabo zuwa Gwarzo ba nisa ba ne, amma a ranar ya ishe ni in tuna duk abin da na taɓa gaya wa Malam a shekara huɗu. Na tuna ranar da na ce masa ba ya ganin ƙwallo sai an maimaita ta a hankali. Na tuna ranar da na yi masa gwalo.

Daga nan na soma abin da ya kamata mai neman aure ya yi. Na bar bencin gaba na koma na ƙarshe, kusa da janareta. Na daina cin gyaɗa a gabansa. Idan ya shigo sai in cire takalmi in durƙusa. Kuma Allah cikin ikonsa, a shekarar nan ce Jajaye da Koraye suka haɗu a zagaye na biyu.

A wasan farko Koraye suka ci. Malam ya waiwaya gefen da na saba zama, bai gan ni ba, ya ɗaga kai ya hango ni a baya.

"Tela, ba ka da lafiya ne?"

"Lafiya lau, Baba."

"Baba kuma? Yaushe na haife ka?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya san komai, ya kuma san na san ya sani. Ya juya ya ci gaba da kallo.

Haka na yi wasa shida ban ce uffan ba. Mu ci, in sunkuyar da kai. Su ci, in sunkuyar da kai. Aka yi uku da uku, saura na bakwai. Abokina kafinta, wanda muke goyon bayan Jajaye tare, ya zo shago ya ba ni shawara.

"Ka ci gaba da shirunka. Saura wasa ɗaya. Ko ka ce zazzaɓi ya kama ka, ni zan zo in ba ka labari."

"Shiru ba ya nuna komai," na ce. "So yana buƙatar sadaukarwa."

"A wane littafin ka gani?"

"A dukkansu."

Gaskiya na faɗa. A kwalin nan nawa babu saurayin da ya sami wadda yake so ba tare da ya rabu da wani abu mai daraja ba. Wani ya bar gadon mahaifinsa, wani ya bar karatu a ƙasar waje, wani ya ba da ƙodarsa. Na duba rayuwata, ban ga abin da nake da shi da ya kai wannan matsayi ba sai Jajaye. Saboda haka na shiga kasuwa na yanko yadi kore shar, irin koren da ake hangowa daga bakin titi. Na ajiye ɗinkin mutane na yi kwana biyu a kansa. Na fitar da kaftani da wando, na nemo hula mai koren zare. Ɗinki ya yi kyau, wannan kam ba na tantama. Hannuwan ma daidai suke.

Ana gobe wasan aka yi ruwan farko mai ƙarfi, don haka rabin mutanenmu suka tafi shuka. Mu biyar muka hallara: ni, da Malam, da kafinta, da wani ma'aikacin sakatariya, da mai gidan kallon da ke fuskantar ƙofa. Na shiga da sallama. Kafinta ya dube ni daga hula har ƙafa, ya ce, "Inna lillahi," ya matsa can ƙarshen benci. Malam ya dube ni sau ɗaya, ya amsa gaisuwata, ya mayar da idonsa kan talabijin.

Aka fara. Koraye suka jefa, na tafa. Tafin ya fito wani iri, kamar hannuwan aro ne. Suka sake jefawa, na ce, "Madalla da tsofaffi!" Ɗan wasanmu mai ciwon ƙafa ya shigo yana ɗingishi, ya ƙwace ƙwallo ya ruga ya zura, saura kaɗan in yi ihun murna, na danne, na ce, "Sa'a ce kawai." Kafinta ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ni.

Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba. Kowa ya gaji, kowa ya ƙi faɗuwa. Saura daƙiƙa huɗu Koraye suna gaba da maki biyu, ƙwallo a hannunmu. Na ce hannunmu, don a lokacin zuciyata ba ta san launin kaftanin da ke jikina ba. Aka miƙa wa mai ciwon ƙafar, yana can nesa bayan layi. Ya tashi sama a kan ƙafa ɗaya ya saki ƙwallo. Ƙararrawa ta yi kuka tana cikin iska. Ta shiga, ko bakin ƙarfen ba ta taɓa ba. Jifa daga bayan layi maki uku ne, Jajaye suka ci da maki ɗaya.

Shekarun da na yi ina jiran wannan rana ba kaɗan ba ne. Kafinta ya hau benci yana kabbara. Ni kuma sai na tsinci kaina a tsaye, hannuwana biyu sun kai kafaɗa suna neman wucewa sama. Na tsayar da su a nan, na kama wuyan kaftani na yi kamar ina gyarawa. Na zauna. Na ce, "Kash."

Malam yana kallona tun daga tashina har zamana. Ya miƙe, ya sa hularsa daidai, ya yi wa kowa sallama a jimlace, ya sunkuya ya fita. Muka ji babur ya tashi a bugu na uku.

Kwana uku ban ji komai ba. A na huɗu budurwata ta kira ni da hantsi.

"Me ka yi wa Baffa?"

"Girmama shi na yi."

"To ya zo ya sami Baba. Ya ce ya bincika, sallarka lafiya, sana'arka lafiya, gidanku gidan mutunci ne. Amma ya ce a dakata."

"Saboda me?"

"Ya ce ya ga ka bar mutanenka a ranar da suka fi buƙatarka. Baba ya tambaya waɗanne mutane, ya yi masa bayani. Baba ya ce yanzu a kan wasan Turawa za a tsayar da maganar aure? Baffa ya ce ba wasan yake dubawa ba. Ya ce mutumin da ya yi shekara da shekaru da abu, ya sauya shi a kwana biyu don ya ga fuskar wani, shi bai san ranar da zai ga wata fuskar ba."

"Baba fa, me ya ce?"

"Me zai ce? Ya riga ya ba shi wuƙa da nama. Ba zai karɓe ba." Sai ta ƙara da cewa, "Wai kore shar?"

"Saboda ke na yi."

"Ni na ce maka ina son kore? Ka zo ka gyara abin da ka ɓata. Kuma don Allah ka sa farin kaya."

Ranar Asabar da safe na tafi Kabo da farin kaya. Na sami Malam a ƙofar gidansa, a inuwar darbejiya, yana ɓarar gyaɗar iri a faranti. Na ajiye takalmina tun daga nesa, na zo na durƙusa. Muka gaisa: kwana, gajiya, iyali, ruwa, shuka, mutanen Gwarzo, babur. Gaisuwa ta ƙare, ya ci gaba da ɓara. Na ci gaba da kallon ƙasa. Wata tururuwa ta ɗauki ɓawon gyaɗa ta wuce ta gabana, na raka ta da ido har ta shige rami.

"Tela," ya ce, "tambaya ɗaya zan yi maka. Wasan nan na bakwai, wa ya cancanci ya ci?"

Duk tarbiyyar da aka yi mini ta ce in amsa da cewa Baba ya fi ni sani. Ba a musu da suruki, balle wanda bai gama zama surukin ba. Na buɗe baki da niyyar faɗin haka, sai na ga ya daina ɓarar, yana jira.

"Allah ya ba Baba haƙuri," na ce, idona a ƙasa. "Jajaye ne."

"Ɗaga murya, kunnen tsufa ne."

"Jajaye ne, Baba."

"Da wannan jifan na sa'a?"

"Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ba sa'a ba ce. An bar shi shi kaɗai. Mai tsaronsa ya tsaya yana haki."

"Wa ya tsaya yana haki?"

"Kyaftin ɗin Baba. Tun kwata ta uku ya ƙare, a gafarce ni. Kocinku ya ji kunyar cire shi ne don girmansa."

"Kai! Mutumin da ya jefa muku takwas a jere?"

"A kwata ta farko ke nan, ranka ya daɗe. Da ana tashi wasa a kwata ta farko da kun ci."

Ya ture farantin gefe. Muka shiga ciki sosai. Ya kawo maganar alƙalin wasa, na tuna masa cewa shekara huɗu yana gaya mini mai kuka da alƙali ba shi da hujja. Ya ce an doki hannun ɗan wasansu a minti na ƙarshe, na ce da izinin Baba hannun ne ya je ya sami dukan. Duk wannan ina durƙushe, kaina a sunkuye, ban yarda na kalli fuskarsa ba ko sau ɗaya. Wani maƙwabci da ya zo wucewa ya tsaya ya yi mana sallama, ya ga saurayi a durƙushe dattijo yana nuna shi da yatsa, ya ce, "Malam, a yi masa afuwa, yaro ne," ya wuce.

Sai da rana ta cinye rabin inuwar sannan Malam ya numfasa. Ya jawo farantinsa.

"Har yanzu ba ka san ƙwallo ba," ya ce. "Amma yau na gane mai maganar. Wancan na ranar nan ban san shi ba, kuma ba zan ba wa wanda ban sani ba 'yata." Ya ɓare gyaɗa biyu. "Ka gaya wa manyanka su zo Juma'a ta sama, bayan an sauko."

Na yi godiya, na ja da baya, ƙafafuna sun yi tsami har sai da na dafa bishiya kafin in sa takalmi.

Bayan an yi girbi aka ɗaura aure, shi ne ya ba da ita. Da sabuwar kakar wasa ta kama sai wata matsala ta taso, wadda ban taɓa karantawa a ko'ina ba. Yanzu Malam surukina ne na sosai. Ba zan zauna benci ɗaya da shi ba, ba zan yi masa musu a gaban jama'a ba. Shi kuma ya aiko matata ta gaya mini cewa idan zan zo rumfa in yi shiru, gara in zauna a shago. Muka rasa yadda za a yi, har kafinta ya samo mafita. Yanzu ina zama a baya, kafinta a tsakiya, Malam a gaba. Idan Koraye suka zubar da ƙwallo sai in dubi kafinta in ce, da muryar da za ta kai ƙofa, "Wasu dai gara su koma gona." Kafinta ya juya gaba ya ce, "Malam, wai in ji wani bawan Allah, wasu gara su koma gona." Malam, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Ka gaya wa bawan Allahn nan ina gaishe shi, kuma ya duba allo ya ga wa ke gaba."